Kwamfutar mutum ɗaya

Kwamfutar mutum ɗaya, wadda aka fi sani da taƙaitaccen sunanta PC, na'ura ce mai ƙwaƙwalwa da aka ƙera a girma da farashin da mutum guda zai iya mallakarta, ya kuma sarrafa ta da kansa ba tare da wani ma'aikaci ya tsaya tsakaninsa da ita ba. Ta ƙunshi kwamfutar tebur, wadda ake girkewa wuri ɗaya, da kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ake kira laftof. Ta fara shiga kasuwa a Amurka a tsakiyar shekarun 1970, bayan da aka gano yadda za a tattara sashen lissafin kwamfuta baki ɗaya a kan ƙwayar silikon guda.

A shekarun farko kowane kamfani na da tsarinsa, kuma manhajar da aka rubuta wa kwamfutar wani kamfani ba ta aiki a ta wani. Don haka duk wanda ya sauya kamfani yakan yi asarar manhajojinsa, sau da yawa har da bayanan da ya tara. Daga shekarar 1981 kasuwar ta soma taruwa a kan tsare-tsare ƙalilan. A yau wahalar sauya kwamfuta ta fi rataya a kan babbar manhajar da ke cikinta, da irin furosesarta, da tsarin fayilolinta, fiye da tambarin da ke jikin murfinta.

Suna

Sunan PC na ɗauke da ma'ana biyu. A faffaɗar ma'ana, yana nufin kowace kwamfuta ta amfanin mutum guda. A taƙaitacciyar ma'ana, yana nufin kwamfutocin da suka samo asali daga ƙirar kamfanin IBM ta 1981, waɗanda yawancinsu ke aiki da Windows. Da wannan ma'ana ta biyu ce ake cewa "PC ko Mac", duk da cewa Mac ma kwamfutar mutum ɗaya ce.

A Hausa, kalmar kwamfuta ararriya ce daga Turanci, kuma ana samun ta a rubuce da siffofi kamar komfuta da kwamfyuta. Da yake Hausa ba ta bambanta sautin "p" da na "f", kalmomin aro na wannan fanni sukan zo da "f", kamar kwamfuta da laftof. Haka kuma akan saka wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu a farkon kalma, kamar a firinta. Akwai kuma ƙirƙirarren suna, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, wanda kafafen yaɗa labarai suka daɗe suna amfani da shi.

Manyan sassa

Kwamfuta ta kasu gida biyu: gangar jiki, wato ƙarafa da wayoyi da duk abin da ake iya taɓawa, da kuma manhaja, wato umarnin da ke tafiyar da ita. A gangar jiki akwai furosesa, wadda ke yin lissafi da zartar da umarni. Da ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, wadda ke riƙe aikin da ake kan yi. Da babbar ma'adana, inda fayiloli ke zama ko an kashe na'urar. Sai allo, da allon rubutu, da linzami.

A ɓangaren manhaja, babbar manhaja ita ce ke tsaye tsakanin gangar jiki da sauran manhajoji. Windows da macOS da Linux da ChromeOS duk manyan manhajoji ne. Kowace furosesa na da jerin umarnin da take ganewa, kamar yadda kowane mutum ke da harshen da yake ji. Ana rubuta manhaja ne domin wata babbar manhaja da wani dangin furosesa, kuma haɗuwar waɗannan biyun ita ce ake nufi da tsari a wannan maƙala.

Tarihi

Kafin 1975

Kwamfutocin farko na lantarki kan cika ɗaki guda. ENIAC, wadda aka kammala a Jami'ar Pennsylvania a 1945, tana da bututun gilashi masu kama da ƙwan lantarki kusan 18,000, kuma nauyinta ya kusa tan 30. Gwamnatoci da jami'o'i da manyan kamfanoni ne kaɗai ke iya mallakar irinta. Ƙirƙiro tiransisto a Bell Labs a 1947 ya kawar da buƙatar waɗancan bututu. A 1958 da 1959 kuma Jack Kilby da Robert Noyce, kowa a nasa ɓangare, suka gano yadda za a haɗa sassan lantarki da yawa a kan ƙwaya guda.

A 1971 kamfanin Intel ya fitar da Intel 4004, furosesa mai ɗauke da tiransisto 2,300 a kan ƙwaya ɗaya. Tun a 1965 Gordon Moore ya lura cewa yawan sassan da ake iya dasawa a ƙwaya guda na ninkuwa a kai a kai, sannan a 1975 ya daidaita hasashen zuwa ninki ɗaya duk bayan shekara biyu. Wannan ninkuwa ce ta sa kwamfuta ta riƙa ƙanƙancewa da araha alhali ƙarfinta na ƙaruwa.

Daga 1975 zuwa 1980

A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta buga hoton Altair 8800 a bangonta. Kamfanin MITS da ke birnin Albuquerque ne ya ƙera ta da furosesar Intel 8080, ana sayar da ita a warwatse a kan ƙasa da dala 500, mai saye ya harhaɗa da kansa. Ba ta da allo ko allon rubutu, sai makunnai da 'yan fitilu a gabanta, kuma ma'adanarta bait 256 ce kacal. Bill Gates da Paul Allen sun rubuta mata manhajar harshen BASIC, kuma wannan aiki ne ya zama mafarin kamfanin Microsoft a shekarar.

A ranar 1 ga Afrilun 1976 Steve Jobs da Steve Wozniak da Ronald Wayne suka kafa kamfanin Apple a Kalifoniya. A 1977 kwamfutoci uku suka fito a harhaɗe, waɗanda mutum zai saya ya fara aiki nan take: Apple II, da Commodore PET, da TRS-80 ta kamfanin Tandy. An sa wa Apple II farashin dala 1,298. A 1979 Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc, manhajar jadawalin lissafi, kuma da farko a kan Apple II kaɗai take aiki. 'Yan kasuwa da akantoci da dama sun sayi Apple II domin wannan manhaja, abin da ya nuna tun da wuri cewa manhaja na iya zaɓar wa mutum na'urar da zai saya.

Kwamfutocin wannan zamani ba sa jituwa da juna. Apple II da PET suna amfani da furosesa iri ɗaya, MOS 6502, amma yawancin manhajojin ɗaya ba sa tashi a ɗayar. Ko faifan fulofi mai faɗin inci biyar da kwata, wanda a ido iri ɗaya ne, kowane kamfani na da yadda yake jera bayanai a kansa. Babbar manhajar CP/M ta Gary Kildall ce ta fara rage wannan rarrabuwa, domin kamfanoni da yawa sun ɗauke ta. Rarrabuwar ta ci gaba har cikin shekarun 1980, inda Commodore 64 ta 1982 ta ci kasuwar gidaje, ZX Spectrum da BBC Micro suka yi tashe a Birtaniya, jerin PC-98 na kamfanin NEC kuma ya mamaye Jafan.

IBM PC da masu kwaikwayonta

A ranar 12 ga Agustan 1981 kamfanin IBM ya gabatar da IBM PC, samfuri mai lamba 5150, a kan farashin da ya fara daga dala 1,565. Wani ƙaramin ayari a garin Boca Raton na jihar Florida, ƙarƙashin jagorancin Don Estridge, ya ƙera ta cikin kimanin shekara guda. Saboda gaggawa, ayarin ya sayi sassa daga waje maimakon ƙera nasa: furosesar 8088 daga Intel, babbar manhaja kuma daga Microsoft. Shi ma Microsoft sayo manhajar ya yi daga kamfanin Seattle Computer Products ya gyara ta. Yarjejeniyar ta bar wa Microsoft ikon sayar da manhajar ga wasu kamfanoni da sunan MS-DOS.

Abu guda da IBM ya riƙe a matsayin mallakarsa shi ne BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da na'ura ta haɗa ta da babbar manhaja. Kamfanin Compaq, wanda aka kafa a Houston a 1982, ya sa injiniyoyin da ba su taɓa duba rubutun BIOS ɗin IBM ba suka rubuta wani sabo mai aiki iri ɗaya, ta yadda bai keta haƙƙin mallaka ba. Kwamfutar Compaq Portable ta fita kasuwa a 1983. A 1984 kamfanin Phoenix Technologies ya fara sayar da irin wannan BIOS ga duk mai so, daga nan ƙofa ta buɗe. A shekarar ce kuma Michael Dell ya fara sayar da kwamfutoci yana ɗalibi a Jami'ar Texas da ke Austin. Masu saye kan gwada sabuwar na'ura da manhajar Lotus 1-2-3: idan ta tashi, an tabbatar ta jitu da IBM.

A 1986 Compaq ya riga IBM fitar da kwamfuta mai furosesar Intel 80386. A 1987 IBM ya yi yunƙurin karɓe ragamar kasuwa da jerin PS/2, wanda ke da sabon tsarin haɗa sassa da sai an biya lasisi kafin a kwaikwaya, amma sauran kamfanoni suka ƙi bin sa. Tun daga lokacin ikon tsarin ya koma hannun Microsoft da Intel. Ga mai saye, sakamakon shi ne ya samu damar barin IBM ya koma Compaq ko Dell da manhajojinsa da fayafayansa, ba tare da ya rasa komai ba.

Macintosh da Windows

Kwamfutocin MS-DOS da rubutaccen umarni ake sarrafa su. Tsarin sarrafawa da hotuna da tagogi da linzami ya samo asali ne daga aikin Douglas Engelbart, wanda ya nuna linzami a bainar jama'a a 1968, da kuma cibiyar bincike ta Xerox PARC, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973. Steve Jobs ya ziyarci cibiyar a ƙarshen 1979. Kamfanin Apple ya fitar da Lisa a 1983 a kan dala 9,995, amma ba ta samu kasuwa ba. A ranar 24 ga Janairun 1984 ya gabatar da Macintosh a kan dala 2,495, da furosesar Motorola 68000 da ma'adana mai kilobait 128. Zuwan firintar LaserWriter da manhajar PageMaker a 1985 ya sa Macintosh ta kafu a wajen masu ɗab'i da masu zane.

Microsoft ya fitar da Windows ta farko a watan Nuwamban 1985, amma sai da Windows 3.0 ta zo a 1990 ta karɓu sosai. Apple ya kai ƙara a 1988 yana zargin an kwaikwayi siffar Macintosh, shari'ar da ya sha kaye a cikinta a kotun ɗaukaka ƙara a 1994. Windows 95, wadda ta fito ranar 24 ga Agustan 1995, ta ƙara tabbatar da rinjayen Microsoft. Bambancin dabarun kamfanonin biyu a fili yake: Microsoft na ba kowane maƙeri lasisin Windows, Apple kuwa na haɗa na'urarsa da manhajarsa ya sayar tare. Apple ya gwada ba wasu kamfanoni lasisi daga 1995, amma ya daina a 1997.

Tsari na uku ya ɓullo a 1991, lokacin da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya saki Linux. Haɗe da manhajojin shirin GNU da Richard Stallman ya fara a 1983, Linux ta zama babbar manhaja ta kyauta da kowa ke iya gyarawa. Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a 2004, ta sauƙaƙa ɗora ta a kan kwamfutar gida.

Laftof da sauyin masu kamfanoni

Osborne 1 ta 1981, wadda ake ɗauka kamar akwati, ta haura kilo 10. Toshiba T1100 ta 1985 na daga cikin laftof na farko masu jituwa da IBM da suka samu kasuwa. PowerBook ta Apple, ta 1991, ta tura allon rubutu gaba ta bar wurin ɗora hannu, siffar da laftof ke da ita har yau. IBM ya fitar da ThinkPad a 1992. Daga baya aka samu Asus Eee PC mai araha a 2007, da MacBook Air marar kauri a 2008, da Chromebook a 2011, wadda yawancin aikinta a kan intanet yake.

Da yake sassan kwamfutocin Windows kusan iri ɗaya ne, gasar ta koma ta farashi, riba ta ragu, kamfanoni suka riƙa haɗewa ko janyewa. HP ya haɗiye Compaq a 2002. IBM ya sayar da sashen kwamfutocinsa, har da sunan ThinkPad, ga kamfanin Lenovo na ƙasar Sin a 2005. Sony ya rabu da VAIO a 2014, Toshiba kuma ya miƙa wa Sharp mafi yawan sashen kwamfutocinsa a 2018. Bugu da ƙari, laftof da yawa masu tambari daban-daban a masana'antun 'yan kwangila irin su Quanta da Compal na Taiwan ake harhaɗa su.

Sauya kamfani da sauya tsari

Sauya kwamfuta iri biyu ne. Na farko shi ne sauya kamfani a cikin tsari ɗaya, kamar barin HP a koma Dell ko Lenovo ko Acer. A nan babbar manhaja ba ta canza ba, kuma furosesoshin Intel da na AMD dangi ɗaya ne, don haka manhajoji da fayiloli na aiki yadda suke. Abubuwan da ke bambanta su ne ƙarkon jiki, da batir, da caja, da garanti, da sauƙin samun kayan gyara. Lasisin Windows da ya zo tare da na'ura galibi a jikinta yake ɗaure, ba ya bin mai shi zuwa sabuwa.

Na biyu shi ne sauya tsari, kamar barin Windows a koma macOS ko Linux ko ChromeOS. Wannan ne ke da nauyi, domin ya shafi manhajoji da fayiloli da sabon hannu. Masana tattalin arziki na lissafa kuɗin sayen sababbin manhajoji, da lokacin koyo, da haɗarin rasa bayanai a matsayin farashin sauyawa, kuma idan wannan farashi ya yi yawa mai amfani kan zauna a inda yake ko da bai gamsu ba.

Yunƙurin Apple na janyo masu Windows

A tsakiyar shekarun 1990 kasuwar Apple ta yi ƙasa ƙwarai. Kamfanin ya sayi NeXT a ƙarshen 1996, abin da ya dawo da Steve Jobs. A 1997 Microsoft ya zuba jarin dala miliyan 150 a Apple, ya kuma yi alkawarin ci gaba da fitar da Office ta Mac har shekara biyar. Alkawarin na da muhimmanci, domin rashin Word da Excel zai sa ma'aikatan ofis su guje wa Mac.

A 2002 Apple ya ƙaddamar da tallan "Switch", inda mutanen da suka bar Windows ke bayyana dalilansu. A Janairun 2005 ya fitar da Mac mini a kan dala 499, ba allo ba allon rubutu ba linzami, domin mai tsohuwar PC ya jona waɗanda yake da su. A 2006 ya koma amfani da furosesar Intel, ya kuma saki Boot Camp, manhajar da ke ba da damar ɗora Windows a kan Mac. Wannan ya rage fargabar masu sauyawa, tunda suna iya komawa Windows a na'ura ɗaya. Tallan "Get a Mac" ya gudana daga 2006 zuwa 2009.

Mac kanta ta sauya dangin furosesa sau uku: daga Motorola zuwa PowerPC a 1994, zuwa Intel a 2006, sannan zuwa furosesar Apple mai tsarin ARM, wadda ta fara da M1 a watan Nuwamban 2020. A kowane sauyi kamfanin ya tanadi manhajar da ke fassara tsofaffin manhajoji ga sabuwar furosesa, kamar Rosetta da Rosetta 2. Boot Camp ba ta aiki a kan sababbin furosesoshin Apple. A ɓangaren Windows ma akwai laftof masu furosesar Snapdragon ta kamfanin Qualcomm, waɗanda wasu tsofaffin manhajoji da direbobin na'urori ba sa aiki a kansu. Ke nan mutum na iya fuskantar sauyin tsari ko bai bar kamfaninsa ba.

Abubuwan da suka sauƙaƙa sauyawa

Ƙa'idojin bai-ɗaya ne suka fi rage wahalar. Mahaɗar USB, wadda ta fito a 1996, ta sa firinta da filash da linzami guda ke shiga kowace kwamfuta, kuma iMac ta 1998 ta taimaka wajen yaɗuwarta. Tsarin PDF na kamfanin Adobe, wanda ya fito a 1993 ya kuma zama ƙa'idar duniya a 2008, yana nuna takarda da siffa ɗaya a ko'ina. Hotunan JPEG da sautin MP3 ma haka suke. Manhajoji irin su Word da Excel da LibreOffice da burauzar Chrome da Firefox suna da nau'i a tsari fiye da ɗaya. Komawar ayyuka da yawa cikin burauza, kamar imel da Google Docs, da ajiye fayiloli a ma'adanar intanet, sun sa mutum na iya shiga asusunsa daga kowace na'ura ya tarar da aikinsa. Apple na da manhajar Migration Assistant mai kwaso fayiloli daga Windows. A ɓangaren caja, dokar Tarayyar Turai ta 2022 ta wajabta mahaɗar USB-C ga wayoyi daga ƙarshen 2024, ga laftof kuma daga Afrilun 2026.

Abubuwan da ke kawo cikas

Wasu manhajoji a tsari ɗaya kaɗai suke. Microsoft Access ba ta da nau'in Mac, Final Cut Pro kuma ba ta da nau'in Windows. Wasannin kwamfuta da manhajojin injiniya da yawa sun fi samuwa a Windows. Akan magance wannan da manhajojin da ke tayar da wata babbar manhaja a cikin wata, kamar Parallels da VirtualBox, ko da Wine a kan Linux, sai dai ba kullum aikin ke tafiya daidai ba.

Tsarin jera fayiloli a ma'adana ma ya bambanta. Windows na amfani da NTFS, wanda macOS ke iya karantawa amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Mac na amfani da APFS tun 2017, wanda Windows ba ta karantawa da kanta. Filash ko ma'adanar waje da aka tsara da exFAT na aiki a duka biyun. Tsohon tsarin FAT32 ma na aiki, amma ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4.

Sai batun sabon hannu. Abin da maɓallin Ctrl ke yi a Windows wajen kwafa da liƙawa, maɓallin Command ne ke yin sa a Mac, kuma rufe taga a Mac ba lallai ya kashe manhajar ba. Akwai kuma makullan tsaro. Ma'adanar da aka kulle da BitLocker ko FileVault ba ta buɗuwa sai da mabuɗinta, kuma sababbin kwamfutocin Mac na iya zama ɗaure da asusun mai su na farko har sai ya cire. Saboda haka ake yin kwafin ajiya na bayanai, a tanadi kalmomin sirri da lasisin manhajoji, kafin a rabu da tsohuwar na'ura.

Haruffan Hausa

Rubutun boko na da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ, wanda ake amfani da shi a Nijar a inda Najeriya ke rubuta 'y. Tsofaffin tsare-tsaren haruffa na kwamfuta ba su tanade su ba. Masu ɗab'i kan yi amfani da salon haruffa na musamman, wanda ke ɗora harafi mai lanƙwasa a gurbin wata alama. Idan aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai haruffan su rikiɗe su koma wasu alamomi. Wasu marubuta kan sa alamar ɗauri a gefen harafi, wasu kuma su bar lanƙwasar gaba ɗaya, abin da ke haɗe kalmomi masu ma'ana daban, kamar kafa da ƙafa, ko daki da ɗaki.

Ƙa'idar Unicode, wadda aka fara bugawa a 1991, ta ba kowane harafi lamba tasa da ba ta canzawa daga na'ura zuwa na'ura. Lambar ƙ ita ce U+0199, ta ɗ U+0257, ta ɓ kuma U+0253. Rubutun Hausa da aka yi da Unicode na fita daidai a Windows da macOS da Linux muddin salon haruffan da aka zaɓa na ɗauke da su. Hanyar buga su ce ta bambanta: Windows na da tsarin allon rubutu na Hausa, manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL kuma na aiki a duka tsare-tsaren uku. Tsofaffin takardun da aka rubuta da salo na musamman sai an mayar da su Unicode kafin su karantu a sabuwar na'ura. Jerin maɓallai ma na iya bambanta, domin laftof da aka yi wa kasuwar Faransa na zuwa da jerin AZERTY, wanda ake yawan gani a Nijar, a Najeriya kuwa jerin QWERTY ne ya zama ruwan dare.

Kasuwar kwamfuta ta hannu

A Najeriya ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa da yawa kan sayi laftof ta hannu da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka, kuma kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas na daga cikin manyan cibiyoyin wannan ciniki. An kuma samu kamfanonin cikin gida masu harhaɗa kwamfuta, kamar Zinox da Omatek. A irin wannan kasuwa, samuwar batir da allo da caja da mai gyara na da tasiri wajen zaɓen kamfani. Laftof na zamani marasa kauri sau da yawa RAM ɗinsu a manne take da babban allon lantarki, ba a iya ƙara ta bayan saye, saɓanin tsofaffin samfuran ofis da ake kwancewa a sauya musu sassa.

Ƙarewar tallafin babbar manhaja ma na tilasta sauyi. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, na buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesa ta baya-bayan nan, sharaɗin da kwamfutoci da yawa masu lafiya ba su cika ba. Masu irin waɗannan na'urori na da zaɓin shiga shirin ƙarin tallafin tsaro na ɗan lokaci, ko sayen sabuwar kwamfuta, ko ɗora Linux ko ChromeOS Flex a kan wadda suke da ita, wato su sauya tsari ba tare da sun sauya na'ura ba.